Lasisin ajiye karnuka a gida: yadda aka ƙirga ɗakunan maƙwabciyata a Ingila

Mabuɗin gidan maƙwabciyata yana rataye a ƙusa bayan ƙofar kicin ɗina, kuma sunana da lambar wayata suna cikin wata takarda a ofishin ƙaramar hukumarmu. Ban taɓa kiwon kare ba. A gidan da na taso, kare na gadi ne ko na farauta, iyakarsa ƙofar gida. Amma dokar ajiye karnuka ta Ingila ta biyo ta gidan maƙwabciya ta shigo nawa, kuma tun da na ga abin daga farkonsa har ƙarshensa, na ga ya dace in rubuta shi.

Mama nake ce mata, ita kuma ta amsa sunan tun shekarar da muka tare a layin. Dattijuwa ce Baturiya, mijinta ya rasu, ta yi ritaya daga aikin girki a makarantar firamare. Jikanta ɗan shekara 12 yana wurinta, sai wata tsohuwar karya da ta fara kurumcewa. Gidajenmu irin na jere ne masu haɗa bango, na jan bulo, kamar yadda suka cika garuruwan arewacin Ingila: ƙofar gaba tana buɗewa kai tsaye kan titi, a baya akwai 'yar farfajiya, bayan farfajiyar kuma wani lungu da duk 'yan layin ke bi su fitar da shara.

Sana'ar ta fara ne ba da niyya ba. Bayan kullen korona mutane suka dawo da tafiye-tafiye, da yawansu kuma sun sayi karnuka a lokacin zaman gida. Wata 'yar cocinsu za ta tafi hutu Sifen, ta kawo mata karenta na mako biyu, ta ba ta abin hasafi. Wannan ta faɗa wa waccan. Kafin a ankara, lokacin hutun bazara sai ka iske karnuka huɗu baƙi a gidan, ban da tata. Ta sa farashi na kwana. Jikan ya buɗe mata shafi a Facebook da hotunan karnuka kwance a kujerun falo. Bayan 'yan watanni wasiƙa ta zo daga sashen lasisi na ƙaramar hukuma, cikin ladabi, tana cewa an ga tallarta, ba a ga sunanta a jerin masu lasisi ba, ana so ta tuntuɓe su.

Da wasiƙar a hannu ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, ranta a ɓace. Hujjarta ɗaya ce: ita ba kamfani ba ce, taimakon mutane take yi, karnukan kuma sun fi jin daɗin falonta a kan ɗakunan siminti na manyan wuraren ajiya. A wannan na ƙarshen ba ta yi ƙarya ba. A na farkon ne doka ba ta tare da ita.

Dokar da ke aiki a nan ƙa'idoji ne da suka fara aiki ranar 1 ga Oktoba, 2018, waɗanda aka kafa ƙarƙashin Dokar Jin Daɗin Dabbobi ta 2006. Su suka maye gurbin tsohuwar dokar wuraren ajiye dabbobi ta 1963 a Ingila, suka haɗa sana'o'i da dama a tsari guda: sayar da dabbobin gida, ajiye karnuka da kyanwowi, hayar dawaki, kiwon karnuka don haihuwa, da nuna dabbobi a wasa. Ma'aikatar muhalli, abinci da harkokin karkara ce ke rubuta bayanin yadda za a aiwatar, amma ƙaramar hukuma ce ke karɓar takarda, ta aiko mai duba, ta yanke kuɗi, ta ba da lasisi ko ta hana. Kuɗin ma kowace hukuma da nata, gwargwadon abin da take kashewa a aikin, shi ya sa mutum biyu masu sana'a iri ɗaya a garuruwa maƙwabta za su biya kuɗi daban. A lura kuma, Ingila kaɗai ake nufi. Wales da Sukotlan suna da nasu tsarin.

Tambayar farko da doka ke yi ita ce ko abin kasuwanci ne. Ba ta tambayar ko kana da shago ko allon suna. Ana duba ko kana karɓar kuɗi da nufin samun riba, ko kana talla, ko abin yana maimaituwa. Bayanin ma'aikatar ya ambaci fam 1,000 a shekara, wato adadin da hukumar haraji ke ɗauke wa masu 'yar ƙaramar sana'a, a matsayin ɗaya daga cikin ma'aunai, kuma kuɗin da ya shigo ake nufi, kafin a cire na abinci da sauransu. Da muka zauna da littafinta na aljihu muka tara, Mama ta haye wannan adadi tun kafin bazara ta ƙare. Abin da ya ƙara ɗaure mata kai shi ne da a ce ita ke zuwa gidan mai kare ta kwana da shi can, ko kuma yawo kawai take fita da karnuka, da ba ta buƙatar wannan lasisin. Shigowar karen wani cikin gidanta ya kwana, a kan kuɗi, shi ya jawo doka. Wanda ya yi haka ba lasisi kuwa yana iya fuskantar tarar da ba a ƙayyade iyakarta ba, ko ɗaurin da zai kai wata 6.

Ta daina karɓar karnuka, ta cike fom, ta biya kuɗi, aka sa ranar duba gida. Ta roƙe ni in zauna da ita a ranar.

Na ɗauka jami'ar da aka aiko za ta fara da karnuka ne. Da ɗakuna ta fara. Sharaɗin ajiya a gida shi ne karnukan su zauna a cikin gidan da mutum yake zaune, ba a rumfa ko akurki a waje ba, kuma kowane kare ya kasance yana da ɗakin da aka ware masa, inda za a iya raba shi da sauran idan buƙata ta taso. Ba ana nufin a kulle shi ciki ba ne. Ana nufin ranar da faɗa ya ɓarke, ko ɗaya ya tashi da zawo, akwai ƙofar da za a rufe tsakaninsu. Kowane ɗaki kuma sai yana da taga mai tsaro da ke kallon waje, wadda za a iya buɗewa a rufe.

Mama ta lissafa wa kanta wurare takwas. Jami'ar ta bi su ɗaya bayan ɗaya da takardarta. Baranda ta cikin gida, wato mashigar da ke tsakanin ƙofa da matakala, ba ta shiga lissafi ba. Banɗakin ma bai shiga ba. Ɗakin gilashin da marigayi mijinta ya ƙara a bayan gida, wanda ita ta fi alfahari da shi, shi ma aka cire, don irin wannan ɗaki yana zama tanda da rana, ya zama firji da dare. Ɗakin jikan ya fita saboda bai kai shekara 16 ba. Sai kicin, wanda ba ta taɓa tunanin za a yi magana a kansa ba: tun da aka gina ɗakin gilashin, tagar kicin ta daina kallon waje, cikin gilashin take buɗewa. Saura uku: falo, ɗakin kwananta, da ƙaramin ɗakin baƙi a sama. Jami'ar ta ba tsohuwar karyar gida ɗaya daga ciki, don ita ma tana da haƙƙin wurin da za ta guje wa baƙi. Aka tashi da karnuka biyu. Rabin abin da ta saba ɗauka ke nan, rabin kuɗin kuma.

Na ga yadda fuskarta ta canza, kuma ban ji daɗi ba. Amma da na koma gida na yi tunani, ban sami inda jami'ar ta yi kuskure ba. Na sha jin karnuka huɗu suna haushi ta bango da tsakar dare, na san akwai daren da Mama ta kwana a kujera tsakanin biyu daga cikinsu don ba ta da inda za ta kai ɗayan. Iya hannunta ne ya riƙe gidan duk wannan lokaci. Doka kuwa ba za ta iya auna iya hannu ba, ɗaki da ƙofa take iya ƙirgawa, kuma ɗaki da ƙofa suna nan ko ranar da mai gida ta gaji.

Daga ɗakuna aka koma ƙofofi. Sharaɗi ne a sami shinge biyu masu ƙarfi tsakanin kowane kare da mafitar gida. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa ganin baƙon kare a gidan da bai sani ba: kwana biyun farko ba abin da yake nema sai hanyar komawa gida, kuma mai kawo wasiƙa ɗaya ya isa ya buɗe masa ita. A gidan Mama ƙofa ɗaya ce tsakanin falo da titin da bas ke bi. Aka ce ta sa doguwar 'yar ƙofar ƙarfe a mashiga. Farfajiyar baya ta cika sharaɗin zama tata ita kaɗai, ba ta tarayya ba, amma katako biyu sun ruɓe a ƙasan shingen, ƙofar lungu kuma sakata kawai gare ta. Wannan gyaran kafinta ya gama shi a yini ɗaya. Shi ne mafi sauƙin abin da aka nema.

Mai wuyar shi ne lokaci. Bayanin ma'aikatar ya ce kada a saba barin karnuka su kaɗai fiye da awa 3 a cikin awa 24. Keji ma haka: ba a sa kare a keji sai in ya saba da shi a gidansu kuma mai shi ya yarda, kuma ko da hakan ba zai wuce awa 3 a cikin awa 24 ba. Kowane kare sai an fita da shi motsa jiki aƙalla sau ɗaya a rana gwargwadon shekarunsa da lafiyarsa, sanye da alama a wuya mai ɗauke da sunan mai lasisi da lambar wayarta. Mama tana zuwa duba yayarta a gidan kula da tsofaffi duk Alhamis, bas biyu zuwa, bas biyu dawowa, kusan awa biyar. Ba ta ɓoye ba, jami'ar ma ba ta ɗaga murya ba, amma ta ce sai an rubuta wanda zai zauna da karnukan a wannan rana. Jikan ba zai yiwu ba, don shi kansa doka ta ce sai an rubuta tsarin yadda zai yi hulɗa da karnukan, tunda bai kai 16 ba. Daga ƙarshe wata ƙawarta da ta saba da karnuka ta ɗauki Alhamis. A nan na gane cewa mai aikin ofis da ke tunanin zai haɗa wannan sana'a da aikinsa ya sake lissafi. Lasisin yana sayen yininka ne gaba ɗaya.

Sai takardu, kuma a nan ne Mama ta kusa ajiye abin. Ana buƙatar rajistar kowane kare: ranar zuwa da ranar tafiya, suna, shekaru, jinsi, ko an fiɗiye shi, lambar 'yar ƙwayar shaida da ake dasa wa karnuka ƙarƙashin fata (wadda ta zama dole a Ingila tun Afrilun 2016), adireshin mai shi, wanda za a kira in mai shi yana ƙasar waje, likitan dabbobin da ya saba gani, tarihin lafiyarsa da halinsa, abincinsa, ranar da aka ba shi maganin tsutsa da na ƙuma. Sai shaidar rigakafi na farbo, distemfa, ciwon hanta na karnuka da leptosifirosis, cutar da fitsarin ɓera ke yaɗawa. Sai izini a rubuce daga kowane mai kare cewa ya yarda a haɗa nasa da karen wani gida, da izinin a ciyar da su wuri guda in za a yi hakan, da izinin kai shi likita. Kafin a karɓi sabon kare sai an kawo shi ziyarar gwaji an ga yadda zai yi da na gida. Ita kanta sai ta yi rajista da likitan dabbobi, su amince kan tsarin kare lafiya. Duk waɗannan a ajiye su shekara 3. Lasisin a rataye shi inda za a gani, sunanta da lambarsa kuma su fito a shafinta na intanet.

Mace ce da ta shekara talatin tana ciyar da ɗaruruwan yara ba tare da ta rubuta komai ba sai jerin kayan miya. Ta ce da ni duk abin da ke cikin fom ɗin nan tana da shi a kanta. Na ce mata, Mama, ranar da kanki ba ya gida fa? Ba ta amsa ba, ta dai tura mini biro. Darare uku muka yi muna tsara fom a kwamfutar jikan.

Ta wannan hanyar ce na shiga takardar. Dole a rubuta tsarin gaggawa wanda hukuma ta gamsu da shi: in gobara ta tashi ta ina za a fitar da karnuka, ina za a kai su in gidan ya zama ba ya zaunuwa, me za a yi in wuta ko ɗumama gida ya ɗauke a tsakiyar hunturu. Dole kuma a sami wani mai riƙe mabuɗi wanda zai iya isowa cikin kamar minti 30. 'Ya'yanta suna nesa. Ni bango ɗaya ya raba mu. Na gaya mata gaskiya cewa ban iya karnuka ba, ta ce ba riƙe su za ta sa ni ba, buɗe ƙofa ne da kiran waya. Haƙƙin maƙwabtaka bai bar mini wurin cewa a'a ba.

Akwai abubuwan da lasisin bai ɗauke mata ba, jami'ar ta dai tuna mata: ta sanar da kamfanin inshorar gidanta, ta nemi inshorar sana'a, ta tambayi sashen tsara gari ko suna da magana. Da gidan haya ne, da sai mai gida ya yarda. Nata ne, don haka wannan bai taso ba.

Lasisin ya fito da taurari biyu cikin biyar, na shekara ɗaya. Wannan ya fi maganar ɗakuna yi mata ciwo, don a idon mai neman wurin ajiye karensa, taurari biyu kamar otal mai datti ne. Amma ga yadda lissafin yake. Ana haɗa abu biyu: matakin da ka kai a sharuɗɗa, da haɗarin da hukuma ke ganin kana da shi. Duk sabon mai nema da bai yi shekara ɗaya ƙarƙashin idon hukuma ba, ana sa shi a rukunin mai haɗari kai tsaye. A wannan rukuni, wanda ya cika ƙananan sharuɗɗa duka yana samun taurari 2 da lasisin shekara ɗaya, wanda ya kai manyan sharuɗɗa yana samun 4 da shekara biyu. A rukunin mai ƙaramin haɗari kuwa, ƙananan sharuɗɗa suna ba da taurari 3 da shekara biyu, manya su ba da 5 da shekara uku. Manyan sharuɗɗan sun haɗa da abubuwa irin su rubutaccen tsarin fita yawo sau biyu a rana na aƙalla minti 20 kowanne, da babbar takardar shaidar koyon kula da dabbobi. Wato sabon shiga, ko mala'ika ne, ba zai ga taurari biyar a shekararsa ta farko ba. Tana da kwana 21 ta ƙalubalanci taurarin a gaban hukumar, ba ta yi ba. Da hana ta lasisin aka yi gaba ɗaya, da kotun sauraron ƙorafi za ta nufa cikin kwana 28.

A nan ne nake da ja da tsarin. Taurari biyu na Mama suna nufin ta cika kowane sharaɗi da doka ta gindaya, amma ba mai kare ɗaya cikin goma da ya san haka. Yana ganin lamba biyu, sai ya wuce zuwa tallar wani da ba shi da tauraro ko ɗaya saboda bai taɓa neman lasisi ba, farashinsa kuma ya fi sauƙi don bai biya kafinta ba, bai biya inshora ba, kuma yana cusa karnuka shida a falo. Irin waɗannan tallace-tallace suna nan a fili, jami'an kuma 'yan kaɗan ne, su ne na shagunan dabbobi, su ne na dawaki. Wadda ta amsa wasiƙa ita ta ɗauki nauyin dokar, har da tambarin da ke rage mata kasuwa. Sharuɗɗan kansu ban ga na zubarwa a cikinsu ba. Yadda ake bayyana su ga jama'a, da yadda ake bin waɗanda suka ƙi zuwa, nan ne gyara yake.

Cikin shekarar jami'ar ta dawo sau ɗaya ba sanarwa, kamar yadda tsarin ya tanada. Ta iske karnuka biyu, rajista cike, ƙofar ƙarfe a rufe. Mako goma kafin lasisin ya ƙare Mama ta aika takardar sabuntawa, aka sake dubawa, ta koma rukunin mai ƙaramin haɗari: taurari uku, shekara biyu. Ta ƙara farashin kwana, kuma masu kawo mata karnuka ba su gudu ba. Kuɗin bai koma yadda yake a da ba, ita ma ba ta ce ya koma ba.

Mabuɗin sau ɗaya na yi amfani da shi. Wata Asabar da yamma jikan ya karye a hannu wurin ƙwallo, Mama ta bi shi asibiti a gigice, ta kira ni daga cikin tasi. Awa uku ta wuce ba su fito daga layin hoto ba. Na buɗe ƙofar gaba, na mayar da ita na rufe kafin in taɓa ta ƙarfen, yadda ta nuna mini. Karnuka biyu suka tsaya suna kallona daga falo, ban san sunan ko ɗaya ba. Fayil ɗin yana bisa firji. A shafin farko na ga cewa mai baƙin gashin yana shan ƙwaya da ƙarfe bakwai tare da abinci, ƙaramin kuma ba a ciyar da shi kusa da wani kare. Lambar ƙawar Alhamis tana ƙasan shafin. Na kira ta, ta ce ga ta nan cikin minti ashirin, in zuba musu ruwa, in buɗe ƙofar farfajiya, in bar maganin sai ta zo. Na zauna a matakala ina kallon agogo har na ji ƙarar motarta a bakin titi.